Kwaɗon Loka Ta Sha Bakwai

Litinin, 8 ga Satumba

Yau Farfesa ta shiga kwaleji. Jikata ta fari, 'yar babbar 'yata. Ni na laƙaba mata Farfesa tun tana aji uku, lokacin da take gyara mini haruffa in na dawo daga ajin yamma na manya. Ina da shekara hamsin da takwas na fara koyon karatu, ita tana da takwas. Tare muka tashi, cikin wata biyu ta bar ni a baya.

Na raka ta har bakin ƙofa da rigar da ba na zuwa aiki da ita. Uwarta ta ce, "Baba, ka daina gaya wa masu gadi, sun ji." Mutum huɗu kawai na gaya wa. Sai direban bas, da mai gyaran takalmi.

Rumfata tana tsallaken titi, daidai ƙofar makarantar. Shekara talatin da ɗaya ina yanka wa ɗalibanta makulli, ban taɓa kawo wa raina jinina zai ratsa ƙofar nan da katin shaida a wuya ba. Saboda haka na sayi wannan littafi. Abu irin wannan a rubuce ya kamata ya zauna.

Talata, 9 ga Satumba

Makulli shida, kwaɗo biyu. Na yanka ɗaya a karkace saboda ina kallon ƙofa.

Alhamis, 11 ga Satumba

Da rana ta tsallako ta sa wayarta caji, ta shanye mini shayi. Na ce matar kirki ba ta shan shayin mijinta ba tambaya. Ta ce, "Kaka, ni na sake ka tun jiya, na samu mai haƙora."

Yanzu a ƙofa ana buɗe jaka, ana shafa wa mutum wata sanda mai ƙara. Da ba haka ba ne. Bara aka ce wani ɗalibi a wata kwaleji mai nisa ya shiga aji da bindiga ya harbe mutum uku. A rediyo na ji. Tun daga nan makarantu suka tsorata. Na lura ranar dawowa daga hutu akwatuna sun yi wa masu gadi yawa, ba kowanne suka buɗe ba. Ba aikina ba ne.

Litinin, 15 ga Satumba

Shugabar tsaro ta aiko a kira ni. Tsohuwar 'yar sanda ce, ba ta da yawan magana, tebur ɗinta babu komai sai waya da kofi. Tana so a sa sakata ta ciki a ƙofar kowane aji. Ƙofa arba'in da biyu. In wani abu ya faru, malami ko ɗalibi ya ja sakata, kowa ya kwanta a ƙasa nesa da taga.

Na ce ranki ya daɗe, shekara hamsin ina kulle ƙofa ta waje don kaya, yau ne na farko za a ce in kulle ta ciki don mutane. Ta ce, "To Baba, yau ka fara."

Na tambayi wane gini ne ajin 'yan shekarar farko na lissafi. Daga nan zan fara. Ban faɗi dalili ba. Ta ce ai ta riga ta ji labari daga masu gadi.

Juma'a, 19 ga Satumba

Ƙofa goma sha ɗaya. Katakon wasu ya ruɓe ta ciki, sai na ƙara faranti na ƙarfe. Ta ajin Farfesa na sa kusa shida maimakon huɗu. Ba wanda zai ƙirga.

Laraba, 24 ga Satumba

Zan rubuta yadda ya faru, a jere.

Da hantsi mai kula da ɗakunan kwanan maza ya kira ni, wani ɗalibi ya yar da makullin lokarsa. Loka ta sha bakwai, bene na biyu. Makullin mai kula ɗin, wanda ke buɗe duk kwaɗunan makaranta, ya ƙi shiga, tsatsa ta cinye ramin. Ya nuna mini ɗakin ya koma ƙasa.

Ɗalibin dogo ne siriri, mai ladabi. Ya gaishe ni a tsugune, abin da 'yan yanzu ba sa yi. Ya ce, "Baba, na wahalar da kai."

Maigidana da ya koya mini sana'a, Allah ya jiƙansa, abu ɗaya ya fi nanata mini. In ka buɗe wa mutum akwatinsa, ya ce, da kwaɗo ya saki ka ja da baya ka juya fuska bango, sai mai shi ya ce ka juyo. Ya taɓa korar wani abokin koyona don ya faɗa a waje cewa ya ga wasiƙu a durowar wata mata. Shekara hamsin haka nake yi. Na buɗe akwatunan matattu, na buɗe na ma'aurata masu rabuwa, ban san abin da ke ciki ba, shi ya sa ake kirana.

Yau kwaɗon ya saki amma ƙyauren lokar ya maƙale. Na fizga. Kaya suka zubo kafin in juya. Wani tawul naɗaɗɗe ya faɗi a siminti, ya yi ƙarar ƙarfe. Na san ƙarar ƙarfe. Bakin tawul ya buɗe, na ga mariƙin da kunamar. Ƙaramar bindiga.

Na juya bango. Na makara, amma na juya. Na ji yana tattarawa. Ya ce, "Juyo, Baba." Muryarsa ba ta rawa.

Ya ce wannan kwaɗo na makaranta ba shi da kirki, ko ina da mai kyau? Ina da shi a jaka. Na tagulla, wanda ba a buɗe shi da waya, guduma ma sai ta sha wuya. Na sa masa. Na gwada sau uku kamar kullum. Na ba shi makulli biyu.

Na dawo na ci gaba da sakata. Ƙofa ta goma sha tara.

Alhamis, 25 ga Satumba

Mai yiwuwa ta wasa ce. Ana yin su yanzu kamar gaske. Amma roba ba ta wannan ƙara.

Asabar, 27 ga Satumba

Farfesa ta kawo mini takardar gwajinta na farko. Sha takwas cikin ashirin. Na nuna wa mai gyaran takalmi, ya ce shi bai iya karantawa ba amma ya ga jan biro ya yi kyau. Na roƙa ta bar mini ita, na manna a bangon rumfa kusa da takardar shaidata ta ajin yamma. Ta ce, "Kaka, za ka sa a yi mini dariya." Na ce ki ƙara biyun da suka ɓace sai in cire.

Ban taɓa jin daɗi irin na watan nan ba. Ina rubuta shi don kada in manta yadda yake.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Mai kula da ɗakunan maza ya biyo ta rumfa yana mita. Jiya an yi binciken lokoki, sabuwar doka ce, sau ɗaya a wata ba sanarwa. Duk sun buɗu da babban makullinsa sai ɗaya. "Kai ka sa wa ta sha bakwai wancan kwaɗon? Ko aljani ba ya buɗe shi." Mai lokar yana aji, masu binciken suna sauri, suka tsallake ta.

Na ce aiki mai kyau na yi masa. Ya yi dariya, ya ce ai shi ne matsalar.

Ban san da dokar binciken ba. Da na sani ma, ban san ko da na yi daban ba. An tambaye ni kwaɗo mai kyau.

Litinin, 6 ga Oktoba

Ƙofa talatin da biyar. Gwiwata ta dama tana ciwo.

Laraba, 8 ga Oktoba

Yaron loka ta sha bakwai ya wuce ta gaban rumfa da rana, ya ɗaga mini hannu. Farfesa tana zaune a benci. Ta ce, "Ka san shi? Ajinmu ɗaya."

Na ce na taɓa yi masa aiki.

Ta ce shi ya fi kowa lissafi, shi yake yi mata bayanin abin da malami ya tsallake. Ba ya magana da kowa sosai. Mahaifinsa ya rasu a farkon shekara. Kwanan baya wasu 'yan shekara ta uku suka tare shi a bayan ɗakin cin abinci, suka sa shi tsallen kwaɗo, suka zuba masa ruwan wanke-wanke, suka ɗauki hoton bidiyo a waya. Duk makaranta ta gani. Har yanzu in ya shigo aji wani sai ya yi kukan da ya yi a hoton.

Na ce an hukunta su? Ta ce wa zai kai ƙara, a ce masa ɗan gulma.

Ta tafi ta bar murfin bironta. Na ajiye.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Na gama arba'in da biyu. Shugabar tsaro ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ja tana saki. Ta ce ba ta ga aibu ba. Ta nuna mini wani akwati na ƙarfe da take so in kafa a bakin ɗakin karatu, mai tsaga a sama. Duk ɗalibin da ya ga abin tsoro ya rubuta ya jefa, ba sai ya sa suna ba. Ran Juma'a take buɗewa. Na kafa, na sa masa kwaɗo, na ba ta makullan.

Muna tsaye mu biyu, ba kowa kusa. Ta ce, "Akwai wani abu, Baba?" Na ce gwiwa ce.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na je gidan 'yata. Sun yi ta hira, ni ina gyara musu marfin tukunya. Ta ce na yi shiru da yawa, ko ba ni da lafiya. Na ce aikin ƙofofi ne.

A hanya na yi ta tunanin maigidana. Shi bai taɓa cewa in ka ga kaza ka yi kaza ba. Cewa ya yi kada ka gani. Bai bar mini komai ba na ranar da aka riga aka gani.

Kuma yaron bai yi wa kowa komai ba. In na faɗa, karatunsa ya ƙare. Wanda ya fi kowa lissafi. Na san abin da ake ji in mutum ya kai hamsin da takwas yana dangwala yatsa a tawada.

Talata, 14 ga Oktoba

Yau aka yi atisaye. Ƙarfe sha ɗaya jiniya ta tashi. Daga rumfa na ga filin ya zama wayam cikin minti biyu, har wata jaka aka bari a kan benci. Minti ashirin ba motsi. Sannan jiniya ta biyu, suka fito suna dariya.

Farfesa ta tsallako tana haki, wandonta duk ƙura. Ta ce, "Kaka, sakatarka ba ta wasa. Masu gadi uku suka bangaji ƙofar ko gezau. Mu talatin da biyu a ciki, ba mai shiga ba mai fita."

Na ce wa ya ja sakatar, malam?

Ta ce a'a, malam ya ce wanda ya fi kusa da ƙofa. Abokinka dogon nan, kullum a nan yake zama. Shi ya ja. Ya ma ce aikin tsohon nan yana da kyau.

Kusa shida na sa.

Na rufe rumfa kafin la'asar.

Laraba, 15 ga Oktoba

Da safe na yage takarda daga bayan littafin nan. Sau uku ina rubutawa. Ta farko ta yi tsawo, na fara tun daga maigidana. Ta biyu na kasa sanin yadda zan kira yaron, ban san sunansa ba, ban taɓa tambaya ba. Ta uku layi biyu: Akwai bindiga a loka ta sha bakwai, bene na biyu, ɗakunan maza. Na gani da idona.

Na je bakin akwatin. Takardar ta shiga rabi a tsagar sai na tuna ran Juma'a ake buɗewa. Yau Laraba. Farfesa tana da lissafi gobe ƙarfe tara. Na zare ta.

Shugabar tsaro tana ofis. Na ajiye takardar a tebur ɗin nan da babu komai. Ta karanta, ta ɗago.

"Yaushe ka gani?"

Na ce ashirin da huɗu ga watan jiya.

Ta ƙirga kwanakin. "Sati uku, Baba." Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Na ce a sana'armu ba a faɗa. Ta ce a tata sana'ar ana zuwa jana'iza. Daga nan ta tura mini biro ta ce in sa suna da kwanan wata a ƙasa, don 'yan sanda za su nema. Na sa. Malamar ajin yamma ta taɓa ce mana wata rana za ku sa hannu a abin da ya fi rasit. Ban zaci irin wannan take nufi ba.

Na roƙe ta abu ɗaya, kada a kama yaron a gaban 'yan aji, an riga an yi masa kallo sau ɗaya. Ta ce wannan tana iyawa.

Bayan azahar aka kira shi ofis kamar maganar takardu, aka zaunar da shi da likitar da ke sauraron ɗalibai masu damuwa. Mu kuma muka hau bene na biyu, ita da 'yan sanda biyu da mai kula. Makullan suna wurin yaron, ba a so ya san komai tukuna. Ɗan sanda ya kawo abin yanka ƙarfe, kwaɗon ya ƙi. Suka dube ni.

Minti goma sha biyu ya ɗauke ni. Kwaɗona ne, na san inda yake da rauni, duk da haka sai da na yi gumi. Da ya saki ƙafata ta ja da baya da kanta. Shugabar ta ce, "Tsaya nan, kai ne shaida."

Tawul ɗin ne dai. Bindigar da harsashi shida a cikinta. Ƙarƙashinta akwai takarda mai sunaye huɗu. Ba a nuna mini ba, ban nema ba. Shugabar ta ce mini a matakala, duk maza ne, 'yan shekara ta uku. Ta san abin da nake so in tambaya.

Na ce mata harsashi ba ya karanta takarda. Ban san me ya sa na faɗa ba, ita ta fi ni sani.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Makulli huɗu. Ruwa ya sauka da rana, rumfa tana yoyo ta kusurwar hagu.

Litinin, 20 ga Oktoba

An sani. Mai kula ba ya riƙe magana. Wasu ɗalibai sun wuce, ɗaya ya ce a ɓoye akwati ga tsohon gulma nan. Wata malama kuma ta tsallako musamman ta gaishe ni. Duka biyun ban ji daɗinsu ba.

An ce yaron ya faɗa wa 'yan sanda bindigar ta mahaifinsa ce, ya ɗauko daga gida, kuma bai san ko zai yi amfani da ita ba. An dakatar da shi. Yana hannun likitoci kafin kotu. Su huɗun nan ma an dakatar da su, yanzu da aka ga hoton a hukumance, hoton da kowa ya gani tun watan jiya.

Farfesa ba ta tsallako ba. Kwana biyar ke nan. Ina ganinta tana shiga ƙofa, ba ta duban wannan ɓangaren.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Wani mai shago da nake yi wa aiki shekara ashirin ya kira wani ya buɗe masa durowa. Na ga mutumin ya wuce da jakarsa. Ba komai.

Litinin, 27 ga Oktoba

Ta zo. Ba ta taɓa shayin ba. Ta zauna a ƙarshen benci ta ce, "Kaka, ran da na ce ajinmu ɗaya, ka riga ka sani?"

Na ce na sani.

Ni a zatona haushina take ji don na tona abokinta. Ashe ba haka ba ne, ko ba shi kaɗai ba. Ta ce sati uku tana zama kujera biyu daga shi, ni ina nan ina manna takardarta a bango. Ta ce kuma da na faɗa tun ranar farko, kafin ya rubuta sunayen nan, da wataƙila likita kawai zai gani, ba alƙali ba. Ban san yaushe ya rubuta su ba. Ita ma ba ta sani ba. Ban musa ba.

Ta ce ita ma ta ga hoton ran da ya fito, ta goge daga wayarta ta yi shiru, a ganinta alheri ta yi masa.

Na miƙa mata murfin bironta. Ta ce, "Tsoho, har da wannan kake ajiyewa." Da za ta tashi ta shanye shayin, ya riga ya huce.

Talata, 4 ga Nuwamba

Da hantsi wata mata ta zo, doguwa siririya, ba sai an gaya mini uwar yaron ce ba. Ta ce, "Kai ne mai makullin?" Na ce ni ne. Na miƙe tsaye don in za ta zage ni ta same ni a tsaye.

Ba ta zage ni ba, ba ta gode ba. Ta ce akwai durowar marigayi mijinta a gida, makullin yana wurin ɗanta, 'yan sanda sun riƙe shi cikin kayansa. Tun watan Satumba ta matsar da durowar ta ji nauyinta ya ragu. Ba ta tambaye shi ba. Ta ce, "Na ce in na tambaya zai zama gaskiya." Tana jin akwai sauran harsashi a ciki, kuma yana da ƙane a gida. Tana so a buɗe ta kai wa hukuma.

Na ce akwai masu makulli kusa da ku. Ta ce ta sani.

Bas biyu muka hau. Ɗaki mai tsabta, hoton mijin a bango, littattafan lissafi a jere a kan taga. Kwaɗon durowar na banza ne, ko minti ɗaya bai kai ba. Kwalin harsashi biyu, ɗaya a buɗe. Mun ƙirga tare, sha tara. Na raka ta har ofishin 'yan sanda, na jira a waje.

Farfesa ta samu sha tara cikin ashirin a gwaji na biyu. Ta ce saura ɗaya in cire ta bangon. Ba zan cire ba.

Makulli biyar yau, kwaɗo ɗaya. Sai da na zauna rubutu na tuna, da durowar ta saki ban juya bango ba. Ɗakin ƙarami ne, babu wurin ja da baya. Ina jin shi ya sa.